Waƙar Raha Ba Shirme Ba Ce

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin masu jin sun san adabi, kuma ta isa a gaji da ita. Matashi zai zauna ya tsara baiti goma sha biyu a kan yadda aka ɗauke wuta daidai lokacin da ya jona wayarsa a caji, ko a kan rigimar canji tsakanin fasinja da ɗan adaidaita sahu. Waƙar ta zaga wayoyin jama'a, mata su karanta wa juna a gidan suna, 'yan kasuwa su yi ta ƙyaƙyatawa a rumfa. Ana cikin haka sai wani ya gyara zama, ya yatsine fuska, ya yanke hukunci: wai wannan ba waƙa ba ce, shirme ne, alamar lalacewar zamani ce. Shi ma fa ya yi dariyar, kafin ya tuna cewa shi masani ne.

Da a fatar baki maganar take tsayawa, da ba wanda zai damu. Amma tana ɓarna. Yaro mai basira da aka gwasale sau biyu sau uku yakan ɗauka cewa ba za a kira shi sha'iri ba sai ya cika baitocinsa da kalmomin da ko a mafarki ba ya furta su. Sai ya watsar da baiwar da Allah ya yi masa ta hango abin dariya a layin gidan mai, ya koma kwaikwayon wa'azin da bai kai ya yi ba. Ta ɗaya gefen kuma, tunda an riga an ce abin ba shi da daraja, kowa gani yake halas ne ya goge sunan mai waƙa ya tura ta a matsayin tasa, ko ya rubuta “an kwafo” a ƙasanta ya wuce abinsa.

Abin da ake magana a kai bai buƙatar dogon bayani. Waƙa ce mai kari da amsa-amo kamar kowace, sai dai jigonta raha ne, kayan aikinta kuwa abubuwan da kowa ke fama da su: cefane, kuɗin haya, bashin mai shago, surukai, sauro, zafin Afrilu, da waya mai cinye data ba a san inda ta kai shi ba. Hausarta irin wadda ake yi a bakin titi ce.

To daga ina aka samo cewa waƙar kirki sai mai tsauri, mai murtuke fuska? Galibi daga gurguwar fahimtar tarihi. Ana koya wa ɗalibai cewa rubutacciyar waƙar Hausa ta bunƙasa a hannun masu jihadi na ƙarni na 19, kuma gaskiya ne: wa'azi da madahu da fiƙihu da tauhidi su ne manyan jigoginta a wancan zamani. Sai ɗalibi ya rufe littafi a nan, ya ɗauka cewa duk baitin da bai tsoratar da wuta ko kwaɗaitar da aljanna ba, bare ne a gidan. Da ya ƙara buɗe shafi biyu uku, da ya ga cewa manyan malaman da yake jingina da su ba su yarda da wannan doka tasa ba.

A ɗauki Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Karachi ta ƙasar Gana ta yau a 1934. Limami ne, malamin da ɗalibai ke yi wa tattaki daga nesa, mai waƙa da Larabci da Hausa. Cikin abin da aka fi tunawa da shi akwai Waƙar Talauci da Wadata, inda ya bi matalauci da mawadaci ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda ake wulaƙanta wancan a taro da cikin dangi, ake rawar jiki a kan wannan ko da halinsa bai kai ba. Abin yana da ban dariya, yana da ɗaci, kuma duk wanda aljihunsa ya taɓa bushewa zai gane kansa a ciki ko a yau. Babu wanda ya ce limancinsa ya ragu don ya yi ta.

Ko kuma Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya mai Imfiraji, waƙar da almajirai da makafi suka daɗe suna rerawa a ƙofofin gidaje, wadda ke sa jikin mai sauraro ya yi sanyi don tuna mutuwa da kabari. Shi ɗin dai ne ya yi Waƙar Keke, raha zalla a kan keke da irin wulaƙancin da yake yi wa wanda ya hau shi. Baki ɗaya ne ya fitar da su biyun, gwaninta ɗaya ce. Aƙilu Aliyu, ɗan Jega da ya rayu daga 1918 zuwa 1999, wanda ba a jayayya a kan matsayinsa cikin fasihan ƙarni na 20, rabin ƙarfinsa a iya ba'a yake. Hausa Mai Ban Haushi tsiya ce ya yi wa 'yan bokon da ke cakuɗa Hausa da Turanci don burga, kuma da ya zo da ita a sigar huɗuba, da tuni an manta da ita. Dariyar ce ta riƙe ta.

Wanda kuma ke ganin Larabci ne ma'aunin nauyi, sai ya leƙa zauren malaminsa. Cikin littattafan da ɗalibi ba ya kaiwa gare su sai ya yi nisa a lugga akwai Maƙamar Hariri, ta malamin Basra da ya rasu a 1122. Mece ce a cikinta? Labarai 50 na wani tsohon ɗan duniya, Abu Zaidin Saruji, mai sauya kama daga gari zuwa gari yana yi wa mutane wayo da zaƙin baki, yana zuba baitoci don ya raba su da kuɗinsu. Shekara ɗaruruwa malaman ƙasar Hausa suna karantar da wannan littafi da rawani a kansu, suna murmushi. A fadar halifofin Abbasiyawa an yi Abu Dulama, wanda ya shahara da ƙasidar da ya jera aibobin alfadarinsa, har dabbar ta shiga karin maganar Larabawa. Ibnur Rumi na Bagadaza, a ƙarni na 9, ya tsaya ya siffanta mai gasa gurasa da mai suyar zalabiya a cikin baitoci. Ashe waƙar mai shayi da mai ƙosai ba yau aka fara ta ba, kuma ba jahilai suka fara ta ba.

A fagen waƙar baka ma abin ya fi fitowa fili. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa ya yi suna a duniya, kuma ba da yabon sarakuna ya yi shi ba. Karen mota ya duba, wanda kowa ke hantara a tasha, ya yi masa waƙa. A Jawabin Aure ya zama miji ya zama mata shi kaɗai, ya kwaikwayi cacar bakin cikin gida yadda duk mai aure zai sunkuyar da kai yana dariya. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta faɗa wa mata maganar kishi da haihuwa da neman na kai, a cikin raha, abin da malamar tsafta za ta yi wata guda tana kewaye-kewaye ba ta faɗa ba. Ga 'yan kama, masu shigar malamai, su ɗauki muryar wa'azi ko karin wata sananniyar waƙa su cika ta da tuwo da miya da nama. Sana'arsu ta ja hankalin manazarta har wani Bature mai suna Gidley ya wallafa nazari a kanta a 1967. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, mutumin da zambonsa da ba'arsa ke sa a yi dariya har a riƙe ciki. Jami'a ta karrama, mai sharhin zaure ya ce shirme.

Wani abin da ke ƙara ba da haushi shi ne, wannan raini a kan waƙa kaɗai yake sauka. Ba a taɓa jin wanda ya ce Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba adabi ba ne don Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta shirya wa juna tsiya daga farko har ƙarshe. Tun 1934 ake karanta shi, ana sa shi a jarrabawa, ana rubuta kundin digiri a kansa. Me ya sa dariya ta halatta a zube, ta haramta a baiti?

Babbar hujjar masu raini dai ita ce sauƙi. Suna cewa, ai kowa ma zai iya. A nan ne suka fi yin kuskure, domin sun haɗa sauƙin ji da sauƙin yi, alhali tsakaninsu akwai tafiya. Tuwon da ya yi laushi a baki, wata ce ta sha tuƙi a gaban murhu.

A duba abin da ke kan mai waƙar raha. Karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, ko an auna shi da ma'aunan aruli irin su Mutadarak da Ramal da Kamil, ko an ɗauko shi daga kiɗan wata waƙar baka. Wannan bai sassauta wa kowa ba. Idan ƙwar biyar ce, ɗango huɗu na farko su yi ƙaramin amsa-amo, na biyar ya koma kan babban amsa-amon da aka ɗauko tun baitin farko. Duk wannan mai wa'azi ma yana yi. Amma mai raha yana da ƙarin kaya: dole abin dariyar ya faɗo a ɗangon ƙarshe, a kan kalmar ƙarshe, kuma kalmar nan ita ce amsa-amo ya riga ya ɗaure. Idan ta zo da wuri, an gane inda ya dosa, dariya ta mutu. Idan ya ƙara gaɓa ɗaya don ya gyara ma'ana, kari ya karye, kunne ya ji. Ga kuma baƙin kalmomin da rayuwar yau ta tilasta masa, irin su janareto da taransifoma da taransifa, waɗanda sai ya lallaɓa su kafin su zauna a cikin kari ba tare da sun yi tsalle ba.

Sannan ba shi da maɓoya. Mai waƙar wa'azi idan baitinsa ya yi rauni, jama'a za su yi shiru don girman abin da yake faɗa, har a ce Allah ya saka da alheri. Mai waƙa da kalmomi masu duhu idan ba a gane ba, mai sauraro kansa zai zarga, ya ce iliminsa ne bai kai ba. Da yawa daga cikin abin da ake kira zurfi a yau, a gaskiya, laka ce kawai ta hana a ga ƙasan ruwan. Shi kuwa mai raha hukuncinsa nan take ne. Ko a yi dariya ko kada a yi, kuma ba a yi wa mutum dariyar kara sau biyu.

Akwai kuma masu cewa, to an yi dariya, sai me? Wace fa'ida aka samu? Su tambayi masu binciken tarihi. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, ta kuma bar fam da sule ta kama naira da kwabo a Janairun 1973, mawaƙa ne suka shigar da abin kunnen talaka. A wancan lokaci Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano tana karanta waƙoƙin 'ya'yanta a rediyo, kuma cikinsu akwai mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tattara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata. Al'amuran yau da kullum su ne abincin wannan fage. Haka abin ya maimaitu a farkon 2023, da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace: mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen koko, ana kwana a layin na'urar cirar kuɗi, mai POS ya zama sarki, ciniki ya tsaya ana jiran taransifar da ta maƙale. Kafin a farfaɗo, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, masu mota suka koma lissafin tafiyar ƙafa. Takardun Babban Banki za su ajiye ranaku da alƙaluma. Yadda magidanci ya ji da ya tsaya gaban mai kayan miya yana nuna mata waya, wannan sai a baitocin da matasa suka yi ta yi a lokacin.

Kuma raha tana isar da saƙon da tsawa ba ta isarwa. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ware habaici da zambo da ba'a, kowanne da muhallinsa, ya kuma kafa wasanni tsakanin Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, taubashi da taubashiya, don a faɗi mai ɗaci a wuce lafiya. A Jamhuriyar Nijar wannan al'ada ta wasan dangi ta kai har UNESCO ta sa ta cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam a 2014. Magidancin da zai yi fushi idan aka ce masa marowaci, zai iya sauraren waƙar wani maigida mai ƙirga yankan nama a tukunya, ya yi dariya, gobe ya ƙara kuɗin cefane ba wanda ya kunyata shi.

Masu jawo addini cikin maganar su ma su yi a hankali. Imam Tirmizi ya ware babi guda a Shama'il a kan rahar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma abin da malamai suka fitar shi ne yana raha amma ba ya faɗar sai gaskiya. Abin da aka yi gargaɗi a kai shi ne shara ƙarya don a ba mutane dariya, da izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, kamar yadda aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana. Iyaka aka sa, ba a toshe ƙofa ba.

Rigimar ma ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila, littafin farko na Wendy Cope da ya fito a 1986 ya yi kasuwar da littafin waƙa bai saba yi ba, kuma an daɗe ana yi mata kallon mai wasa. A Amurka an yi wa Billy Collins irin wannan gori na sauƙi, duk da haka shi aka naɗa mawaƙin ƙasa daga 2001 zuwa 2003. A Masar, Ahmad Fu'ad Najm da Larabcin kan titi ya yi wa masu mulki ba'a, kuma da ba'ar ba ta da nauyi, da ba a yi ta ɗaure shi a kanta ba.

Dalilan farin jinin waƙar raha a yau kuwa a bayyane suke: gajera ce, ta dace da fuskar waya, tana da saurin haddacewa, kuma mutanen da tsadar rayuwa ta matse suna neman inda za su numfasa.

Wannan duka ba ya nufin duk abin da aka jera layi-layi aka sa masa hoton dariya ya zama waƙa. Tarkace ya yi yawa, kuma shi ne ke ba masu raini abin faɗa. Saboda haka masu yi su ma akwai magana a kansu, mai tsawo ma.

Abu na farko, a rera kafin a saki. Waƙar Hausa ta kunne ce ko da a takarda take. Wanda ya rubuta baiti ya kasa rera shi da murya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ja wata gaɓa ko ya haɗiye wata ba, to karinsa ya karye, kuma yawan masu danna alamar so ba zai ɗora shi ba. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce wadda magabata suka bi: ya ɗauki karin wata waƙa da kunnensa ya saba da ita, ya zuba nasa kalmomin a kai, ba tare da ya ɗauki ko ɗango ɗaya na mai ita ba. Kada kuma a yi wa amsa-amo dole. An gaji da ganin baitin da aka karkatar da ma'anarsa, ko aka jawo wata kalma daga Sakkwato aka dasa a tsakiyar Kananci, don kawai ƙarshen ya zo daidai. Idan kalma ta ƙi zama, a rushe ɗangon a sake gini.

A kuma kama abu ɗaya a tsura masa ido. Waƙa a kan “wahalar rayuwa” ba ta ba kowa dariya, don ba wanda ya taɓa ganin wahalar rayuwa tana tafiya a titi. Amma kowa ya san maƙwabcin da ba ya zuwa gaisuwa sai ya ji ƙarar janareto, da caja a aljihu. Kowa ya san telan da ke rantsuwa saura maɓalli alhali bai yanka yadin ba, ga jajibirin salla ya zo. Kowa ya san baƙon da ke cewa a ƙoshe yake, hannunsa na cikin kwano. A irin waɗannan ƙananan abubuwa dariya take, kuma ba a samunsu sai an rage magana an ƙara kallo. Idan abin dariyar ya faɗo, a tsaya. Mafi yawan waƙoƙin raha da ke yawo sun fi ƙarfinsu tsawo da baiti biyar ko shida, saboda mai su ya tsaya yana bayyana abin da aka riga aka gane, ko ya ji tsoron a ce bai yi nasiha ba sai ya liƙa wa'azi a wutsiya. Ba laifi a buɗe da sunan Allah a rufe da salati kamar yadda aka gada, amma ba dole ne kowace dariya ta biya harajin darasi ba.

Sai babbar magana: wa ake yi wa dariyar? Nan ne da yawa suke zamewa, kuma nan ne ya fi cancanta a yi musu faɗa. Gurgu da makaho da mai in'ina da mai taɓin hankali ba abin dariya ba ne. Bazawara da wadda ba ta samu miji ba da matar da ba ta haihu ba sun sha isasshe a bakin unguwa, ba sa buƙatar a ƙara musu da amsa-amo. Almajirin da ke yawo ba takalmi ba shi ya aiki kansa ba. Wasan ƙabila kuwa yana da ƙa'ida: tsakanin abokan wasa ake yinsa, kowa ya san zai rama, kuma ba a kai shi inda zai zama gaba. Wanda ya ɗauki wata ƙabila da ba abokiyar wasansa ba ya yi mata kuɗin goro a intanet, inda dubban baƙi za su gani, ba wasa yake ba, fitina yake hurawa. Mafi aminci, kuma mafi daɗi, shi ne mutum ya fara da kansa: rowarsa, tsoronsa, burgarsa ranar da aka biya albashi da laushinsa ranar 20 ga wata. Mai yi wa kansa dariya ba ya rasa abokan tayawa. Daga nan sai ya ɗaga kai sama, wajen masu iko da masu hali, waɗanda ba'a ba za ta hana su barci da yunwa ba.

Ko a nan ɗin ma da lura. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, bisa laifin ɓata sunan gwamnan lokacin. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ya san ƙasar da yake taka. Magabata ba don tsoro kaɗai suka ƙirƙiro habaici ba. Sun gane cewa siffanta hali ya fi kama suna tasiri, don suna mutum ɗaya yake kamawa, hali kuwa duk mai shi sai ya tsargu. A soki aiki, a bar zargin da ba a iya tabbatarwa. Batsa ma haka: ita ce hanya mafi arha ta samun dariya, kuma ita ce ke hana a karanta waƙa a gaban iyaye, wato ta rage mata rabin masu sauraro.

A rubuta Hausar daidai. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ana samunta a allon rubutun waya, kuma rashinta kan juya ma'ana, wani lokaci ta mayar da waƙar abin dariya ta inda mai ita bai nufa ba. A bar sabuwar waƙa ta kwana kafin a sake ta, don abin da ya ba mutum dariya da tsakar dare ba lalle ya ba shi da hantsi ba. A karanta wa mutum biyu da ba sa jin nauyin faɗar gaskiya, zai fi kyau a samu tsohuwa a ciki. A ajiye kwafi a littafi, domin waya tana faɗawa ruwa, shafi yana rufuwa, kuma waƙoƙi masu kyau da yawa na shekarun nan sun riga sun salwanta ta haka. Sannan a farfaɗo da dabarar magabata ta sa hannu: sukan saka sunansu da garinsu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da shekara ta hanyar ramzi. Sunan da aka rubuta a sama ko a ƙasa sharewa ɗaya ne. Wanda aka saƙa cikin kari da amsa-amo, ɓarawo sai ya rushe baitin kafin ya cire shi.

Malaman Hausa a sakandare su ma suna da rabo a laifin. Yaron da aka fara haɗa shi da waƙa ta hanyar yanka ɗango zuwa ƙafafuwa a allo, bai taɓa jin an rera masa wadda ta sa shi dariya ba, zai fita makaranta yana ganin waƙa hukunci ce. A fara masa da ta raha, a bar shi ya yi tasa a kan layin abinci ko makarar safiya, aruli ya biyo baya, zai same shi da ƙofa a buɗe. Masu shirya gasa da taruka, ko na Ranar Waƙa ta Duniya ta 21 ga Maris ko na Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, su ware wa raha rukuninta da kyautarta, su daina ajiye ta a matsayin abin cike gurbi kafin babban baƙo ya iso.

Saura masu turawa, waɗanda su ne suka fi kowa yawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a Maris na 2023, ba ta ce sai mutum ya yi rajista ko ya buga littafi kafin aikinsa ya zama nasa ba, kuma ba ta ware waƙar ban dariya ta ce ita ta kowa ce ba. Mai gabatar da shiri a rediyo da ke cika fili da baitocin wani, da mai riƙe da makirufo a wajen biki da ke karɓar liƙi da su, da mai ɗora su a bidiyo yana tara mabiya, duk suna cin gumin wani ne. Neman izini bai fi saƙo ɗaya ba. Wanda waƙa ta ba shi dariya har ya ga ya dace wani ma ya ji, to ya tura ta da sunan mai ita, idan bai san shi ba ya tambaya.